Awon sukari da hannun da nake tafiya a kansa

Ni baduku ne a garin Tahoua, kuma gurgu ne tun ina ƙarami. Shan inna ya kama ni kafin in isa shiga makaranta, ya bar ni da ƙafafun da ba sa ɗaukata. A gida da rumfar aiki da hannuwa nake tafiya, ina zura su cikin silifa. In zan shiga gari sai in hau keken guragu, shi ma da hannu ake juya shi. Da waɗannan hannuwan nake yanka fata, da su nake riƙe basilla, da su nake cin tuwo. Sai ga ciwon sukari ya zo da tasa buƙata, wai a riƙa huda yatsa ana fid da jini. Na san a Adar da wajenta akwai ire-irena da yawa da aka ce musu su sayi na'ura su riƙa awo, aka sallame su, ba wanda ya dubi tafin hannunsu. Saboda su nake wannan rubutu.

Da ƙishirwa abin ya soma. Bazara ce, watan Afrilu, kuma wanda ya san zafin Tahoua a wannan wata ba zai yi mamaki ba don mutum ya shanye moɗa bayan moɗa. Fitsarin dare ne ya tayar mini da hankali. Mai ƙafa in fitsari ya tashe shi, zai je ya dawo idonsa bai gama buɗewa ba. Ni kuwa sai na lalubi silifan hannu, na sauko daga gado, na haska ƙasa saboda kunama, na ja jiki har makewayi, na dawo na wanke hannu. In aka yi ta maimaita haka a dare ɗaya, gari na wayewa kafaɗu sun mutu, barci bai samu ba, aiki ma ba zai yiwu ba. Ana cikin haka basilla ta soke ni a gindin babban yatsa, irin sukar da a da ba na ko kula ta, wannan karon ta ƙi rufewa. Maiɗakina ta ce, "Malam, wanga ba zahin gari ba ne. Mu tai asibiti."

Aka ce in dawo da safe, in yi aƙalla awa 8 ba abin da ya shiga cikina sai ruwa. Takardar labo ta fito da sukari giram 2.10 a litar jini. Aka sake awon wata rana, bai yi nisa da na farko ba. Likita ya ce na mai lafiya da safe yakan tsaya tsakanin 0.70 da 1.10, in kuwa ya kai 1.26 ko ya wuce a ranaku biyu daban, to ciwon sukari ne. Nawa nau'i na 2 ne, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suke da shi. Jiki yana yin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, amma tsokar ba ta amsa masa yadda ya kamata, a kwana a tashi gaɓar da ke yin sa, wadda ke kwance bayan tumbi, sai ta gaji. Aka rubuta mini metformin mai lamba 500, in sha a tsakiyar cin abinci. Ya murɗa mini ciki a makonnin farko, daga baya ya lafa.

Wajen shawara ne na ji ba da ni ake ba. Sikelin da ke ɗakin na tsayuwa ne, sai aka bar gurbin nauyina fari a takarda. Wanda ya karɓe ni, kansa na kan rubutu, ya ce in riƙa tafiyar ƙasa ta minti 30 kullum, alhali ina zaune a ƙasa gabansa. Ban ɗauka da mugun nufi ya faɗa ba. Abin da ya saba gaya wa kowa ne, ga layi har bakin ƙofa. Amma na fito da baƙin ciki, don an ba ni takalmin da aka yanka a kan ƙafar wani.

Wadda ta gyara mini al'amarin wata majo ce, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwa, sa'ar ɗiyata ta fari. Ta sauko daga kujerarta, ta zauna a benci daidai da ni, ta ce, "Baba, kawo hannunka in gani." Ta juya tafin, ta latsa kan kowane yatsa, ta tambaye ni wanne ke ɗaukar nauyi in ina tafiya, wanne ke riƙe basilla. Sannan ta ɗauko ma'aunin tela ta zagaya cikina daidai cibiya. Ta ce ga mai siraran ƙafafu irina sikeli yana ruɗi, zai nuna mutum ba nauyi alhali kitsen ya taru a ciki, kuma namiji in zagayen cikinsa ya kai santimita 94 a fara lura. Nawa ya wuce. Ita ce ta fahimtar da ni cewa manyan tsokokin cinya da ƙafa suna cikin waɗanda suka fi shanye sukarin jini, ni kuwa shan inna ya tsotse su tun da daɗewa. Ke nan abin da ya rage mini, hannuwa da kafaɗu da baya, shi zai yi aikin.

Ƙanena da ke neman kuɗi a Abijan ya ce zai aiko mini da na'ura. Majo ta ce ya dakata, a fara zagaya farmasin Tahoua a ga wace irin bandelet ce ba ta yankewa, wato ƴan fallayen da ake zurawa a na'urar su sha jinin. Kowace na'ura tata kawai take karɓa, ta Accu-Chek ba ta shiga On Call Plus. Na ga gidajen da aka aiko musu da na'ura mai kyau daga Aljeriya ko Libiya, kwalin farko na ƙarewa ta koma cikin akwati. Sai ƙanen nawa ya turo kuɗin, na sayi wadda ake samun kayanta a nan, mai manyan lambobi.

Lambobin ma sai an yi wa mutum bayani. In labo ta rubuta 1.26, na'urata ta nuna 126, duk abu ɗaya ne, ɗigon ne aka cire. Amma akwai na'urorin da ke lissafi da wani ma'auni daban, kamar waɗanda ake kawowa daga Gana, inda 126 ɗin nan yake fitowa 7.0. Wani dattijo maƙwabcina ɗansa ya kawo masa irinta daga Kumasi, ya ga 9, ya ji ni ina maganar ɗari da wani abu, ya ɗauka sukarinsa ya ƙare ƙaf, har ya sa a dama masa ruwan sukari. Allah ya sa ya aiko a tambaye ni tukuna. Ana ninka irin wannan lamba sau 18 ne, 9 ɗinsa 162 ke nan.

Huda yatsan kuwa, nan ne aikin yake. Abin harbin allurar kamar alƙalami yake, yana da lambobi a wuyansa daga 1 zuwa 5, na zurfin suka. Yawancin mutane 2 ko 3 ya ishe su. Ni da aka harba a 2, ko alamar jini babu, kanta ta tare allurar. Shekara da shekaru na jan jiki da jan zare sun mai da kan yatsuna tamkar ba nama ba. Muka zauna da majo muka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa da manuni ta ce a bar su, su ke ciyar da gida. Tsakiyar kan yatsa ma a bar shi, nan ne ya fi zafi, nan kuma yake taɓa kaya. Sai gefe, kusa da farce amma ba a jikinsa ba, inda fatar ke da sauran laushi: na tsakiya, da mai bi masa, da ƙarami, kowanne gefe biyu, hannu biyu. A lamba 4 jinin ke fitowa. Ina juyawa, in na huda nan yau, sai ya huta kafin in dawo kansa.

Abin da ba a rubuta a takardar cikin kwali ba shi ne, mai tafiya da hannu dole ya tsara abin da zai fara da abin da zai biyo. In na wanke hannu sannan na tuna na bar auduga a kan akwati, ɗauko ta na nufin in sa hannu a ƙasa, in sake wanki daga farko. Don haka sai na gama duk wata zirga-zirgar asuba, makewayi da alwala da salla, sannan in hau gado in zauna. Komai yana kan tire ɗaya da nake ɗorawa a cinya: na'ura, gwangwanin bandelet, abin harbi da sabuwar allura a ciki, auduga, filasta, da kaye irin na ƴan lakwal da nake rubutu a ciki. Ƙaramar ɗiyata ta kawo ruwan ɗumi a buta da sabulu da kwano, ta zuba mini, in goge da tsumman da ba a yin komai da shi sai wannan. Hannun sai ya bushe sarai, domin ruwa yana sirka ɗigon jinin. Wankin kuma ba na tsabta kaɗai ba ne. Wanda ya taɓa dabino ko mangwaro ya huda bai wanke ba, na'ura za ta auna sukarin da ke bisa fatarsa ta ba shi lambar da za ta firgita shi. Ni ga jan karan dafi da gam da ke maƙale a yatsuna daga rumfa.

Gwangwanin bakinsa ƙarami ne, yatsuna masu kauri, sai in karkata shi in girgiza kaɗan har bandelet ɗaya ta leƙo, in zare, in rufe nan take. In zura ta a na'ura, in jira alamar ɗigo ta fito. In saki hannu ƙasa ya yi lilo kaɗan, in murza daga tafi zuwa yatsa, in harba. Ba a matse kan yatsan da ƙarfi, don ruwan nama na iya gauraya da jinin ya ɓata lambar. Bakin bandelet ake kai wa ɗigon, ita za ta zuƙe da kanta, ba a shafa mata. Cikin daƙiƙa kaɗan lamba ta fito. Daga nan in danne da auduga, in zauna in gama lazimina, in liƙa filasta, sannan in yarda hannun ya koma cikin silifa. Hudar ƙarama ce, amma ƙofa ce, ƙasar tsakar gida kuwa awaki da kaji sun bi ta kai.

Da hunturu, Disamba da Janairu, jini yakan ƙi fitowa, hannu ya yi kaushi ya tsage. Ruwan ɗumin shi ne magani, da man kaɗanya da dare, wanda ake wankewa kafin awo. Alkol na daina sawa, busar da fata yake ƙara yi, sabulu ya isa. Na tambayi majo ko zan iya hutar da yatsu in huda wani wuri. Ta ce wasu na'urorin sun yarda da tafi ko damtse. Tafi a wurina ba zance, a kansa nake tafiya. Damtse kuwa lambarsa tana makara in sukari na hawa ko sauka da sauri, ba a dogara da shi bayan cin abinci ko in ana zaton sukari ya faɗi.

Allurar da na gama da ita cikin gorar roba mai kauri da murfi take shiga. Ni da jikokina masu rarrafe ƙasa ɗaya muke dafawa. Kuma ba na ba kowa aron abin harbina. A rumfa akan ce, "Malam, auna ni mana mu gani." Ina jin nauyin hanawa, amma ina hanawa, ko da za a sa sabuwar allura, domin jini na iya maƙalewa a bakinsa, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau kuwa ta jini suke bi. Sai in nuna musu hanyar asibiti.

Zafi ma abokin gaba ne. A jikin kwalin an rubuta kada bandelet ta wuce digiri 30, Tahoua kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40. Ba na barin ta a akwatin ƙarfen kekena, ko a rumfar kwano. Tana can ƙuryar ɗakin ƙasa, cikin akwatin katako, nesa da laimar randa. Ita kanta na'urar in ta yi zafi takan ƙi aiki, shi ya sa a bazara da sassafe ko da dare nake awo.

Bandelet na da tsada, kwali ɗaya yana cinye ribar takalma da dama. Majo ta ce mai shan metformin kaɗai ba lalle ne ya huda kullum ba, abin da ake so kowace huda ta amsa wata tambaya. Sai muka tsara: wasu safiyoyi cikin mako kafin cin komai, sannan lokaci-lokaci in zaɓi abinci ɗaya, in auna kafin ci, in sake aunawa awa 2 bayan na fara. Abin nema shi ne 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayan ci. Kayen nan ya gaya mini abin da ba wanda ya gaya mini. Hurar rana da sukari, yadda na saba shanta kwano guda, ta kai ni 240. Da aka rage dawon, aka ƙara nono, aka cire sukari, sai na tsaya ƙasa da 180, kuma ban rabu da hura ba, wadda da an ce in bar ta ɗungum da ba zan iya ba. Farar shinkafa da burodi da taliya sun fi komai ɗaga ni. Tuwon gero madaidaici da miya mai yawa, in na fara da kwaɗon zogale, bai cika yi mini ɓarna ba, wake kuma ya fi su duka zama lafiya. In yunwa ta taso tsakanin abinci, cuku da gujiya nake ci. Wannan jikina ne, na wani zai iya bambanta, shi ya sa kowa ke buƙatar nasa kayen.

Shayin fada ya fi ba ni wuya, don ba sukarin ba ne kawai, zaman ne. Ƙin karɓar kofi a hannun aboki abu ne mai nauyi. Da na nuna musu lambar da kofi uku suka jawo, suka daina cewa "ɗan wannan ba ya komai". Yanzu mai dafawa yakan tsiyaya mini nawa kafin ya zuba sukari a buta. Masu kawo mini saiwa da ganye masu ɗaci kuwa, ina yi musu godiya, amma ban taɓa ajiye ƙwayata saboda su ba, kuma duk abin da zan sha sai likita ya sani.

Daga baya aka ƙara mini glibenclamide, aka kuma gargaɗe ni cewa shi ba kamar metformin ba ne, yana iya kayar da sukari ƙasa da 70. Na gane nufinsu wata Lahadi, ranar kasuwar Tahoua. Na ɗauko kaya fiye da yadda na saba, hanyar kuma rairayi ce, kowace juyawa sai da ƙarfi. Sai gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, yunwa kamar an yashe cikina, hannuwa na rawa har na kasa juya keken. Mai ƙafa in hannunsa na rawa zai iya takawa zuwa tebur ya sayi abu. Ni inda keken ya tsaya nan na tsaya. Abin da ya cece ni ƙwayar sukari 3 irin ta kwali da majo ta sa nake ratayawa a wuya cikin alabe. Kusan giram 15 ke nan. Ana sha, a jira minti 15, in ba a warware ba a ƙara, in an warware a ci abinci mai riƙe ciki. In na'ura ba ta kusa ba a jiran awo. In kuwa mutum ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Mutane sun wuce ni a ranar, ba don mugunta ba. Gurgu a bakin hanya yana rawar jiki, wani zai ɗauka bara yake, wani ya ce farfaɗiya ce ko iska. Tun daga nan na ɗinka ƴar fata na ɗaure a kan keken, da rubutu cikin Hausa da Faransanci cewa ina da ciwon sukari da abin da za a yi, na kuma gaya wa ƴan kabu-kabun bakin layinmu. Likita ya duba kayena ya rage mini ƙwayar. Kafin azumi ma na koma wurinsa, ya sauya mini lokutan sha. Malaminmu ya ce hudar yatsa ba ta karya azumi, ƙa'idar likitoci kuma ita ce in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, a sha ruwa, a rama daga baya.

Motsa jikina a keke nake yi, a kan kwalta, da sanyin safe ko bayan la'asar. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nakasassu cikin ƙa'idojinta na motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako kamar kowa, gwargwadon abin da jiki zai iya. Sai dai ina tausaya wa kafaɗuna, don in suka lalace na zauna ke nan. Ranar da suka yi tsami, robar tayar keke nake ɗaurawa a ƙafar gado in riƙa ja a hankali.

Ƙafafun da ba na takawa ma suna da nasu haƙƙi. Shan inna motsi yake kashewa, ba ya kashe ji, shi ya sa duk rayuwata in ƙaya ta soke ni nakan sani. Ciwon sukari kuwa jin yake ci sannu a hankali. Gwiwoyina da bayan ƙafafuna su ke gogar ƙasa, don haka kowane dare ina duba su da madubi, ɗiyata ta duba tsakanin yatsu, tafin hannu ma haka. Na ɗinka wa gwiwoyin matashi na fata mai laushi. Da sanyi ba na kai ƙafa kusa da kaskon garwashi kamar da.

Bayan kowane wata 3 akwai awon labo da ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukari ya zauna a tsawon watannin. Ana so ya sauka ƙasa da kashi 7. Nawa ya fara daga sama da 9, yanzu yana 7.3. Ido da ƙoda kuma sau ɗaya a shekara.

A taronmu na nakasassu na tarar ba ni kaɗai ba ne. Akwai makaho mai ciwon, jikansa ke kai bandelet ga ɗigon ya karanta masa lamba, ranar da yaron ke makaranta ba awo. Ana yin na'urori masu faɗin lamba da murya, amma shi har yau bai samu ba. Akwai wata da shanyewar ɓarin jiki ta bar ta da hannu ɗaya, ita kuma maƙale abin harbin take tsakanin gwiwoyi ta kai yatsa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, sashe na 25 nata kuma a kan lafiya yake magana. Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowane asibiti ba: sikeli mai kujera, gangara a bakin ƙofa, gadon duba marar lafiya da ba sai an ɗaga mutum ba, da ma'aikacin da zai tambayi yadda kake motsi kafin ya ba ka shawara. Kafin a kai ga nan, ni da matar nan mai hannu ɗaya mun sayi na'ura iri ɗaya, wadda kwalinta na 50 yake zuwa da gwangwani biyu masu 25 kowanne. Muna haɗa kuɗi, kowa ya ɗauki gwangwani guda a rufe, ya ƙare shi kafin zafi ya ɓata shi. Makahon ma ya ce in tasa ta ƙare zai sayi irin tamu.